Itacen Saƙar Taru a Ƙofar Bartola

Ranar da aka raba gadon tsoho Sabino Chunga, masunci a gaɓar tekun Sechura, 'yarsa Bartola ba ta tashi da komai ba sai ɗan guntun itace wanda bai fi tafin hannu ba. Gida da kwale-kwale da taruna duk suka tafi hannun ƙaninta Eleuterio. Ita kuwa aka miƙo mata wannan abu a gaban jama'a, aka ce haka tsohon ya bar wasiyya.

A kan irin wannan itace masunta ke saƙa taru, shi ke sa idanun tarun su fito daidai wa daida. Tsohon yana da guda biyu. Ƙaramin na anchobeta ne, ɗan kifin nan da ya cika teku har ana ɗibarsa da kwando, shi aka ba Eleuterio. Babban na sardin ne, kifin da rabon a gan shi da yawa tun Bartola tana yarinya. Wato dai an ba ta ma'aunin kifin da babu shi. Matan gari suka yi ta ƙunshe dariya a bakin zane. Bartola ta ji zafin abin har cikin ƙashinta, kuma ta san laifinta: ta auri makiyayi.

Mu nan haka muke, kuma ban ga ranar da za mu daina ba. Masunta na kiran makiyayan cikin hamada masu warin bunsuru, makiyaya na kiran masunta masu ƙarni. Tafiyar yini a jaki ce tsakaninsu, amma sai ka rantse teku ce ta raba su. Bartola ta koma gidan mijinta Nicanor da itacenta, ta duba ta ga ƙofar ɗaki ba ta da sakata, ta soka shi a wurin. Nan ya zauna har gashin kanta ya yi fari.

Nicanor mutumin kirki ne, sai dai ya yi kuskure ɗaya da ya bi shi har kabari. Wata shekara ruwa ya sauko a hamadar, abin da akan daɗe ba a gani ba. Ya kwashi kashin awakinsa a buhuna ya bi kwaruruka tsakanin tudun yashi yana watsawa. Ba hauka ba ne: ƙwayar algarobo, itacen da 'ya'yansa ke ciyar da awaki da mutane, ba ta cika tsirowa ba sai ta bi ta cikin akuya. Shukar ta tsiro kuwa, fili ya yi kore shar. Shekara ta zagayo, ko ɗigo. Wata ta sake zagayowa, haka. Tsiron ya ƙone ƙurmus, aka laƙa wa Nicanor suna Manomin Yashi. Ɗansu Gumersindo ya sha dambe a makaranta saboda sunan nan, yana girma kuwa ya tattara ya tafi birnin Piura ya zama direban babbar mota.

Bayan rasuwar mijin Bartola ba ta daina share garke ba. Kullum sai ta tara kashin a ƙarƙashin wata rumfa, har tarin ya kusa taɓa rufi. Manoman kwari sun zo neman taki ya fi a ƙirga, ta kore su. Da za ka tambaye ta me take jira, ita ma ba ta sani ba. Ta dai ƙi yarda a ce mijinta wawa ne.

Sai ga Gumersindo wata safiya, ya ajiye motarsa inda yashi ya hana ta gaba, ya ƙaraso da ƙafa yana share gumi.

"Mama, na gama magana da masu gawayi. 'Yan itatuwan nan da suka rage za su sare, awakin kuma akwai mai saye. Bayan bikin kunna kyandir a kaburbura zan zo in ɗauke ki. Na gyara miki ɗaki, har da famfo."

"Famfon ne zai yi mini hira?"

"Jikokinki za su yi miki. Dubi awakin nan fa, Mama, haƙarƙari kawai. Dubi ke kanki. So kike a zo a tarar da gawarki ungulu sun riga ni?"

"Ubanka yana nan kwance."

"Baba ya gama nasa. Yashin nan ne ya cinye shi, ba zan bari ya cinye ki ba."

Yaron bai yi ƙarya ba. Da ya tafi ta zauna a bakin garke ta yi kuka mai isarta, sannan ta tashi ta zagi wata akuya da ba ta yi mata komai ba.

Ana saura 'yan makonni bikin, da rana tsaka, ta hango jaki tafe da wani tsoho a kai, ƙafafunsa na jan ƙasa. Tun daga nesa ta gane zaman. Eleuterio ne, wanda rabonsa da ƙofarta tun jana'izar Nicanor, ita ma a tsaye ya yi ta.

"Yaya, sannu da gida."

"Wa ya mutu?"

"Haba Yaya, sai an mutu?"

"Kai dai ba ka zuwa sai da gawa. Sauko, kada ka karya jakin mutane."

Ya sauko yana toshe hanci da gangan, ita kuma ta ce ya matsa can kada ƙarninsa ya tsinka mata madara. Ta zuba masa chicha, abin shanmu na masara, a ƙoƙo. Ya sha, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar awaki ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Can ya kwance wani ƙunshi ya tura mata. Kifi ne mai gishiri, tsaraba. Ta buɗe, sai hannunta ya tsaya. Sardin ne, manya, masu ƙiba.

"Ina ka samo wannan?"

"A bakin ƙofarmu. Bara ɗai-ɗai, bana kuwa garke-garke. Anchobeta ta yi ƙaura, sai kame-kame muke. Ga kifi muna gani, amma sai ya zo ya dunguri taru ya koma, kansa ba ya shiga idon. Mun gwada faɗaɗa saƙar da ka, wani ya yi yawa kifi ya wuce, wani ya yi kaɗan. Duk tsofaffin da suka san ma'aunin sun mutu." Ya saci kallon ƙofar ɗakinta. "Shi ne na ce, wannan ɗan itacen na Baba, in ba kya amfani da shi..."

"Ina amfani da shi. Ba ka ga yana tsare mini ƙofa ba?"

Bakinta ne ke tsiya, amma zuciyarta ta riga ta tafi wani wuri. Warin kifin ya mayar da ita ƙuruciya: ga sardin shanye a kan igiya, ga ruwan sama na zuba daga rufi cikin tukwane, ga hanyar cikin hamada da inuwa tun daga gari har garken kakannin Nicanor. A lokaci ɗaya aka yi su duka. Ta tuna ubansu yana saƙa yana cewa teku kamar mai barci yake, yakan kwanta a gefen sanyi har yaro ya girma ya yi 'ya'ya, sannan ya juya gefen ɗumi ya daɗe haka. In yana gefen sanyi, shekarar ruwa baƙuwa ce, ta kwana ɗaya ta wuce. In ya juya, ruwan yakan dawo ya sake dawowa. Da tana yarinya ta ɗauka tatsuniya ce.

"Eleuterio, shekarar da Nicanor ya yi shuka, kun ga sardin?"

"Ko ɗaya. Ruwan teku ya yi ɗumi wata biyu-uku, ya koma ƙanƙara. Kowa a gaɓa ya san ba mai ɗorewa ba ne."

"Kowa ya sani."

"Kowa."

"Kai ma ka sani, ka bar mijina ya yi ta jidar kashi a ka har aka sa masa suna?"

Eleuterio ya sunkuyar da kai yana juya ƙoƙo. "Wa ya tambaye ni, Yaya? Shi bai zo ba, ni ban zo ba."

Ka ji fa. Mutum ya mutu da baƙin ciki saboda tafiyar yini ɗaya da girman kai. Bartola ta ji kamar ta kwaɗa masa ƙoƙon a ka. Ta tashi ta zare itacen daga ƙofa, ta riƙe shi tana kallo, sai a lokacin ta gane abin da tsohon ya yi. Ya san ranar da teku zai juya dole mai taru ya nemi wannan itace, ya kuwa ajiye shi a hannun wadda labarin zai fi yi wa amfani. Shekara da shekaru tana jin haushin ubanta, ashe shi ya fi kowa tuna ta. Hawaye ya zubo mata, ta share da sauri kada ƙanin ya samu abin faɗi.

"Zan ba ka. Amma ka ga tarin can?"

Ya waiwaya ya dubi rumfar. "Kashin?"

"Kai da mutanenka za ku kwashe shi ku watsa mini inda zan nuna. Kuma tsofaffin tarunan nan masu ƙananan ido da ba su da amfani yanzu, ku kawo, da su zan kewaye wurin kada awaki su cinye tsiron."

"Yaya! Masunta? Kashin awaki? A ka?"

"A ka, ko a baki, duk wanda ya fi muku sauƙi."

Ai kuwa sun zo. Yunwa ba ta san girman kai ba, sardin kuma na wucewa a gabansu kullum. Wanda bai ga wannan rana ba ya yi asarar kallo: ƙartin masunta, masu taƙamar ba sa tsoron igiyar ruwa, ga su a jere da buhuna a ka, kashi na zubo musu a wuya, suna tofar da yawu suna tsine wa duk akuyar da aka taɓa haifa. Makiyayan maƙwabta suka fito suka zauna a kan tudu musamman don dariya.

"Kai mai ƙarni, a hankali, kada ka nitse!"

"Rufe mana baki, angon bunsuru! Da kun iya wani abu da ba mu zo ba!"

Bartola na gaba da sandarta, ɗankwali ɗaure tamau. Ba ta bar su sun zubar ko'ina ba. Kwaruruka take nunawa, inda ruwa zai kwanta, wuraren da Nicanor ya zaɓa da can, domin a wannan bai yi kuskure ba. Kafin rana ta yi sanyi wasu daga cikin masu dariyar sun sauko sun kama, wai don su nuna wa masunta yadda ake ɗaukar buhu. Bartola ta yanka ɗan akuya, matar Eleuterio ta gasa sardin, aka ci a faranti ɗaya ana zagin juna.

Ranar bikin kyandir Gumersindo ya same ta a kan kabarin ubansa, labari kuwa ya riga ya kai masa. Ransa a ɓace yake ƙwarai.

"A tashar mota na ji, Mama. Wai matar Manomin Yashi ta gaji mijinta. Sau nawa za a yi mana dariya a gidan nan?"

"Ka ba ni zuwa ƙarshen zafi, tunda da zafi ruwa ke sauka."

"In ba a yi ruwa ba fa?"

"In hau motarka da ƙafata, ba sai ka ɗauke ni ba."

Ya dubi kabarin, ya dube ta, ya ce to.

Aka yi ruwan, amma na rowa. Sau biyu ya sauko, na biyun ma da ƙyar ya jiƙa ƙasa. Duk da haka kwarurukan suka tsiro, 'yan ganye sirara kamar gashin jariri. Zafi na wucewa sama ta rufe bakinta, iskar kudu, wadda a nan ita ke korar ruwa, ta taso. Gumersindo ya dawo da motarsa kamar yadda aka yi alkawari, ya tsaya a bakin shingen taru ya dubi tsiron da ya fara rawaya.

"Haka na Baba ya yi. Da idona na gani."

"Alkawarinmu in ba a yi ruwa ba ne. An yi."

"Wannan ne ruwa? Mama, kada ki mai da ni yaro."

Eleuterio yana wurin, don yanzu ba ya wata guda bai zo ba, wai kifi yake kawowa. Ya gyara murya.

"Ɗana, ni ban san itace ba, ban kuma san akuya ba, Allah ya kiyaye. Amma ruwa na sani. Watannin da ya kamata ƙafata ta ƙage a kan kwale-kwale, bana ko rigar sanyi ban sa ba. Sardin bai tafi ba. Lokacin ubanka na yi shiru, ga abin da shirun ya jawo. Ka bar ta ta ƙara shekara. In abin ya ƙi, ni zan ɗora ta a motar, ko tana cizo."

"Ka gwada ka gani," in ji Bartola.

Gumersindo ya buga ƙofar mota ya tafi ba sallama. Amma ya tafi shi kaɗai.

Watannin da suka biyo baya su ne masu wuya, kada wani ya ce maka ba ta ji tsoro ba. Ta ji. Kullum da safe sai ta zagaya shingen, kullum sai ta tarar da wasu sun bushe. Awaki biyu suka mutu. Wata rana ta durƙusa ta tona gefen wani tsiro da ya zubar da ganye, tana cewa bari ta ga gawar da idonta. Ta tona har gwiwar hannu, har kafaɗa, saiwar ba ta ƙare ba, siririya kamar zare, tana ta gangarawa neman laima. Ta mayar da yashin a hankali ta ce masa, "Yi haƙuri, ci gaba da aikinka."

Sai ga zafi ya sake zagayowa. Wata la'asar iskar kudu ta ɗauke cak. Hadari ya taso daga wajen teku, baƙi ƙirin, irin wanda yaran garin ba su taɓa gani ba. Ɗigon farko ya faɗo mata a goshi da nauyi. Bartola ba ta shiga ɗaki ba. Ta tsaya a tsakar garke, tsohuwa da ita, ta buɗe hannuwa tana ihu tana kiran sunan mijinta. "Nicanor! Fito ka gani! Manomin Yashi, fito ka ga gonarka!" Awaki suka yi ta gudu suna kuka, ita kuwa dariya take har da riƙe ciki.

Wannan karon ruwan bai yi rowa ba, har ya wuce gona da iri. Ya yi ta zuba mako bayan mako. Hanyoyi suka yanke, gadoji suka tafi. A gaɓa ya rushe gidaje, har da na Eleuterio, teku kuma ya yi zafin da sardin ɗin ma ya nitsa ƙasa na ɗan lokaci. Sai ga masunta da 'ya'yansu da tukwanensu sun nufo hamada. Bartola ta karɓe su, ba tare da ta fasa gori ba. Ciyawa ta kai ƙugu, awaki suka yi ƙiba har suna haifar tagwaye, madara ta yi yawa har ana rasa ƙwarya. Aka shuka wake da kabewa a yashin da jiya ko ƙadangare ba ya zama. Masu ƙarni suka koyi tatsa, suna yi suna kuka da wari. A cikin wannan ciyawa kuwa algarobo ya miƙe, ya wuce gwiwa, ya wuce ƙugu, ya fara fitar da ƙaya.

Sai da aka gyara hanya Gumersindo ya samu zuwa, bayan watanni bai ji ɗuriyar uwarsa ba, hankalinsa a tashe. Ya ajiye mota inda ya saba. Tun yana yaro daga nan akan hango rumfar gidansu tsirara a tsakiyar fili. Ya duba, babu rumfa, babu fili. Ciyawa ce da 'yan itatuwa sun kai masa kafaɗa, tsuntsaye na ta tashi a gabansa. Ya kutsa, ya yi dama, ya yi hagu, ƙaya ta yage masa riga, ya dawo inda ya fara.

Bartola na zaune tana tankaɗe, sai ta ji murya daga nesa.

"Mama! Mama! Kina ina?"

Eleuterio ya yunƙura zai tashi, ta danne masa gwiwa.

"Zauna. Bar shi ya ƙara kira."

"Haba Yaya, yaron ya ɓata."

"Na sani. A gonar ubansa ya ɓata. Bar ni in ji daɗin abina."

Sai da ya kira har muryarsa ta fara dushewa sannan ta buga ƙwarya da muciya, ya biyo ƙarar. Ya fito daga cikin ganye duk jikinsa ƙaiƙayi, ya tsaya yana haki. Ta ɗauka zai yi magana. Sai ya juya ya dubi inda ya fito, ya daɗe yana kallo, kafaɗunsa suka fara rawa. Ƙato da shi, mai 'ya'ya, ya durƙusa ya kifa kai a cinyarta yana kuka.

"Na ji kunyar zama ɗan Baba, Mama. Duk rayuwata na ji wannan kunyar."

"Na sani. Tashi ka ci abinci, wake na hucewa."

Ba a sake maganar famfo ba, masu gawayi kuma da suka leƙo Gumersindo da kansa ya raka su har bakin hanya. Da ya zo tafiya ya lura ƙofar ɗakin da igiya ake ɗaure ta, ya ce zai kawo sakata ta ƙarfe daga birni. Ta ce ya bari, nan da 'yan shekaru za ta yanki reshe a bayan ɗaki.

Zuwansa na gaba tun daga nesa aka ji hon. Bartola ta fito bakin hanya da 'yan rakiyarta, masunta da makiyaya. Motar ta sha sabon fenti, a goshinta kuma, sama da gilashi, an yi rubutu da manyan haruffa ja. Ita ba ta iya karatu ba, ta zunguri ƙaninta.

"Me ya rubuta?"

Eleuterio ya ƙanƙance ido ya haɗa baƙaƙen da ƙyar, sannan ya cire hularsa.

"Ɗan Manomin Yashi."